Suna, Fuska da Lamba: Harshe da Matsalar Tantance Masu Hulɗa da Banki Daga Nesa a Yankin Konduga

1.0 Gabatarwa

A ranar 10 ga Satumba, 2024, aka wayi gari madatsar ruwa ta Alau, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Konduga, ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya malale wani babban sashe na birnin Maiduguri da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ban da rayuka da gidaje da gonaki, ambaliyar ta tafi da wani abu da ba a cika sa shi cikin lissafin asara ba, wato takardun shaida: katin ɗan ƙasa da katin zaɓe da katin cirar kuɗi da wayoyin hannu tare da layukan da ke cikinsu. A zamanin da gudummawar dangi da tallafin ƙungiyoyi suka koma bi ta asusun banki, wanda ya rasa waɗannan abubuwa ya shiga wani hali na daban. Kuɗinsa na nan, shi ma yana nan, amma sai ya gamsar da wata na'ura da ke Legas ko Abuja cewa shi ne shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda bankuna suke tantance mutum daga nesa ta hanyar abin da kafafen yaɗa labarai na Hausa suke kira ƙirƙirarriyar basira, da yadda suke amfani da ita wajen hana damfara. Za a nuna cewa wani babban kaso na cikas ɗin da mutumin Konduga yake gamuwa da shi a wannan tsari matsala ce ta harshe: yadda aka rubuta sunansa, da harshen da na'ura take ba shi umurni, da kuma ƙarancin kalmomin da aka tanadar masa don ya rarrabe abin da zai faɗa da abin da zai ɓoye. Wannan ne ya sa batun ya shafi manazarta harshe, ko da yake a fuska yana kama da aikin ma'aikatan banki da masana kwamfuta.

2.0 Konduga da Tsohuwar Hanyar Sanin Mutum

Garin Konduga yana kudu maso gabas da Maiduguri, a kan hanyar zuwa Bama. Mazauna yankin sun haɗa da Barebari da Larabawan Shuwa da Malgwa da wasu ƙabilu, kuma Hausa tana daga cikin harsunan da ake cuɗanya da su a kasuwa da tasha. Rikicin Boko Haram ya taɓa garin ƙwarai. A watan Agusta na 2013 an kashe masallata 44 a wani masallaci na garin, aka sake kai hari a Fabrairun 2014, sannan a Yunin 2019 'yan ƙunar baƙin wake suka hallaka kimanin mutum 30 a wurin kallon ƙwallo. Sansanonin 'yan gudun hijira na Dalori, waɗanda gwamnatin jiha ta rufe a 2022, a cikin wannan ƙaramar hukuma suke. Haka nan, bayan kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013, an katse layukan wayar hannu a jihar Borno na tsawon watanni.

Kafin wannan rugujewa, sanin mutum a Borno aikin jama'a ne. Bulama ya san mutanen unguwarsa, Lawan ya san na ƙauyensa, Aja kuma yana sama da su. Tsagar fuska tana faɗin asalin mutum tun bai buɗe baki ba. A fagen ciniki kuwa, baƙon da ya kawo shanu ko kifi yana da mai masauki da dillali waɗanda suke tsaya masa. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi yake gudana a kan bashi ba tare da takarda ba, domin mai gida ya lamunci baƙonsa. Tambayar da tsohon tsari yake yi ke nan: wa ya san ka? Gudun hijira ya warwatsa masu amsa wannan tambaya. Bulaman yana wani sansani, mutanensa suna wani, don haka hukumomin agaji irin su IOM suka koma ɗaukar zanen yatsu wajen rajistar masu karɓar tallafi. Da yawa daga mutanen yankin a layin karɓar abinci suka fara dangwala wa na'ura yatsa, tun kafin su taka ƙofar banki.

3.0 Yadda Na'ura Take Tantance Mutum

Tsarin na Nijeriya ya tsaya ne a kan lambobi biyu, kowace mai alƙaluma 11. Ta farko ita ce BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ranar 14 ga Fabrairu, 2014, kamfanin NIBSS yake riƙe da rumbunta. Ta biyu ita ce NIN ta hukumar NIMC, wadda aka kafa da dokar 2007. A bayan kowace lamba akwai suna da ranar haihuwa da hoton fuska da zanen yatsu. Masu NIN sun haura miliyan 100 a 2023, masu BVN kuma sun haura miliyan 60 a 2024. A Disambar 2020 aka ba da umurnin haɗa kowane layin waya da NIN, sannan a ranar 1 ga Disamba, 2023 Babban Banki ya wajabta BVN ko NIN hatta a kan ƙananan asusu waɗanda tun 2013 aka sauƙaƙa buɗe su don talakawa. Dalilin tsanantawar a bayyane yake: ƙididdigar NIBSS ta nuna an yi asarar kimanin naira biliyan 17.7 ta hanyar damfara a 2023, adadin ya haura biliyan 52 a 2024. A Afrilun 2024 ma sai da aka dakatar da kamfanoni irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa har zuwa watan Yuni, don su gyara hanyoyinsu na tantancewa.

Mai buɗe asusu ta waya yakan bi matakai uku. Yana shigar da lambarsa da sunansa, na'ura ta kwatanta da abin da ke rumbu. Yana ɗaukar hoton fuskarsa, manhaja ta mayar da hoton zuwa jerin alƙaluma da ke wakiltar siffar fuskar, ta auna kusancinsu da na tsohon hoto. Idan kusancin ya kai wani mizani da bankin ya ƙayyade, sai ta ce mutum ɗaya ne. Sannan akwai gwajin rai, inda ake cewa ya ƙifta ido ko ya juya kai ko ya buɗe baki, don a tabbatar ba hoto aka kara wa kyamara ba. Bayan an buɗe asusun, wata manhajar takan ci gaba da lura da ɗabi'ar mai shi: nawa yake turawa, da wane lokaci, daga wace waya. Abin da ya sa ake kiran wannan basira shi ne ba a rubuta wa na'urar ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya ba. Miliyoyin misalai aka ba ta, ta tsamo ƙa'idojin da kanta. Abin lura a nan shi ne, abin da ba ya cikin misalan da aka ba ta, ba ta san shi ba.

4.0 Suna

A nan ne matsalar ta fi kauri. Fom ɗin banki an gina shi a kan tsarin sunan Turawan Ingila: sunan farko, da na tsakiya, da sunan dangi wanda ake gada kaka da kakanni. Bahaushe da Babarbare ba su da sunan dangi irin wannan. Mutum yana da sunan yanka, sai a bi shi da sunan mahaifi, wani lokaci da na kaka ko na gari ko na sana'a. Idan ma'aikacin rajista ya tambayi sunan dangi, wani ya ba da na uba, wani na kaka, wani na garinsu, kuma mutum ɗaya yana iya ba da amsa daban-daban a rajista daban-daban ba tare da ya yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Mace kuwa tana iya fitowa da sunan mahaifinta a NIN, da na mijinta a BVN.

Sai kuma siffofin suna ɗaya a bakin al'ummu daban-daban. Dubi waɗannan misalai:

(1) Muhammad: Muhammadu, Mamman, Mohammed, Modu
(2) Abubakar: Garba, Habu, Buba, Bukar
(3) Fatima: Fatsima, Binta, Falmata, Fanna
(4) A'isha: A'i, Indo, Aisa, Ashe

Duk wanda ya tashi a Maiduguri ya san Bukar Modu da Abubakar Muhammad suna ɗaya ne. Al'amarin kuma tsoho ne, domin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi kansa, wanda ya rasu a 1837, Shehu Laminu jama'a suke kiransa. Ko birnin ma suna biyu gare shi, Yerwa da Maiduguri. A ƙaddara ke nan wani manomi daga Konduga ya yi rajistar sansani da sunan da ake kiransa a gida, Bukar Modu. Da ya je yin NIN, ma'aikacin ya ga dacewar rubuta “cikakken” suna, ya sa Abubakar Mohammed. Ranar da banki ya nemi haɗa bayanan biyu, sai na'ura ta ga mutum biyu.

Yana da kyau a duba yadda na'urar take auna kamancin sunaye, don a ga inda take tuntuɓe. Ɗaya daga tsofaffin hanyoyi ita ce Soundex, wadda Robert Russell ya yi wa rajista a Amurka a 1918. Hanyar tana riƙe harafin farko na suna, ta zubar da wasula, ta raba baƙaƙe gida shida bisa kusancin furucinsu a Ingilishi, ta ba kowane gida alƙalami. Idan aka bi wannan ƙa'ida, ga abin da zai fito:

(5) Muhammad M530, Mohammed M530, Mamman M550, Modu M300
(6) Abubakar A112, Garba G610, Habu H100, Bukar B260
(7) Fatima F350, Falmata F453, Fanna F500

Hanyar ta yi nasara wajen haɗa Muhammad da Mohammed, domin bambancinsu na rubutu ne kawai, amma ta wargaza sauran. Abin da ya fi wannan muni shi ne tana haɗa abin da bai kamata ba. Bakura ma B260 yake bayarwa, daidai da Bukar, alhali Bakura laƙabi ne na Barbarci mai ma'anar babban uba, irin wanda ake sakaya sunan wani babba da shi idan yaro ya ci sunansa, kamar yadda Hausawa suke cewa Abba ko Baba ko Ummi. Sunan yankan Bakura yana iya zama kowane suna.

Hanya ta biyu ita ce ta Vladimir Levenshtein ta 1965, wadda take ƙirga yawan haruffan da za a sauya ko a ƙara ko a cire kafin wata kalma ta koma wata. Tsakanin Muhammad da Mohammed sauyi biyu ne. Tsakanin Muhammad da Modu sauyi bakwai ne, wato kusan babu dangantaka. Amma tsakanin Hassan da Hassana sauyi ɗaya ne tak, haka tsakanin Amin da Amina, ga shi kuwa wannan harafi ɗaya shi ya raba namiji da mace. Wasalin ƙarshe da Bature zai ɗauka kuskuren bugu ne, a Hausa ɗafa-ƙeyar jinsi ne. Manhajojin zamani sun fi waɗannan tsofaffin hanyoyi wayo, domin suna koyo daga tarin sunayen da aka riga aka nuna masu cewa ɗaya ne. Sai dai irin wannan tari ya wadata ne ga sunayen Turai da na Larabci na ƙasa da ƙasa, inda aka daɗe ana fama da rubutun Muhammad iri-iri a jerin waɗanda aka sa wa takunkumi. Modu da Fanna ba su kai wannan matsayi ba.

Daga nan sai ƙa'idar rubutu. Haruffa masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko na Hausa tun shekarun 1930, an kuma tabbatar da su a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Barbarci, wadda aka amince da ita a Maiduguri a tsakiyar shekarun 1970, tana da ǝ. Amma a takardun hukuma Ɗanladi Danladi ne, Ƙasimu Kasimu ne, Baƙo Bako ne, kamar yadda Kanǝm ya zama Kanem. Wannan ɓarna da sauƙi, tunda kowa haka yake rubutawa, kuskuren ya zama bai ɗaya. Wadda ta fi cutarwa ita ce ta alhamza. Wasu fom-fom ba sa karɓar alamar, don haka Sa'adu yakan fito Saadu a nan, Sa adu a can, Sadu a wani wurin. Haka Mu'azu da Rabi'u da Isma'ila. Inda aka bar fili a madadin alamar, na'ura takan ɗauki suna ɗaya a matsayin biyu, sai jerin sunayen ya goce gaba ɗaya.

Ranar haihuwa, wadda ake sa ran ta raba gardama idan sunaye suka yi kama, ita ma ba ta da ƙarfi a nan. Dattijon da ya san an haife shi “shekarar da aka yi fari” ko “da azumi, bayan rasuwar Shehu” yakan tashi da 1 ga Janairu a takarda, shekarar kuwa ƙiyasin ma'aikaci ce. A gari guda ana iya samun masu suna Modu Bukar da dama, duk haifaffun 1 ga Janairu. Haɗarin wannan ba ƙarami ba ne, domin tun 2017 akwai jerin BVN na waɗanda aka samu da damfara, wanda bankuna suke dubawa. Lambar ce take shiga jerin, amma bincike da zargi da suna suke farawa.

5.0 Fuska, Yatsa da Murya

Ana iya cewa ai shi ya sa aka koma ga jiki, tunda yatsa ba ya da karin harshe. Gaskiya ne, sai dai jikin ma yana da nasa tarihi. Yatsun manomi da masunci da mai faskare sukan goge, lalle mai duhu yakan dami na'ura, tsufa yana shafe zane. Ba talaka kaɗai abin yake samu ba: a zaɓen 28 ga Maris, 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke. Game da fuska kuwa, cibiyar NIST ta Amurka ta gwada manhajoji 189 a 2019, ta gano cewa da yawansu sun fi saurin ɗaukar mutum biyu a matsayin ɗaya idan fuskokin na mutanen Afirka ta Yamma ko ta Gabas ko Gabashin Asiya ne, a wasu manhajojin ninki 10 zuwa 100 a kan fuskokin Turawa. An samu ci gaba tun lokacin, amma ma'anar sakamakon ta cancanci a tsaya a kanta: irin wannan kuskure mai sojan gona yake buɗe wa ƙofa.

Gwajin rai kuwa magana ce tsakanin na'ura da mutum, kuma galibi da Ingilishi ake yin ta, a rubuce, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tsohuwar da Barbarci ne harshenta, Hausa ta kasuwa kawai take ji, ba za ta karanta umurnin ƙifta ido ba. Abin da yake faruwa shi ne mai POS ko wani yaro ya riƙe wayar, ya fassara, ya danna. Da haka tantancewar da aka ce daga nesa ce, babu ɗan tsakiya, ta koma hannun sabon dillali, wanda ya ga lambarta, ya ga fuskarta, sau da yawa kuma shi ya zaɓa mata lambar sirri. Mafi yawansu amintattu ne, kuma ba don su ba da karkara ba ta san banki ba, musamman lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Amma tsohon dillali yana da mai gida da Sarkin Kasuwa a kansa. Wannan sabon, tsarin ma bai san da zamansa a cikin gwajin ba.

Ita ma ƙirƙirarriyar basirar takobi ce da ɓarawo yake iya ɗauka. A farkon 2024 aka yaudari wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25, bayan taron bidiyo da aka yi da fuskoki da muryoyin shugabanninsa na jabu. Kwaikwayon murya yana buƙatar samfuri kaɗan, kuma saƙon murya na WhatsApp shi ne wasiƙar wanda bai iya rubutu ba. Hausa ta riga ta shiga wannan fage: tana cikin Google Translate tun 2013, tana cikin tarin MasakhaNER na 2021 mai koya wa na'ura gane sunaye a cikin rubutu, da kuma tarin muryoyi na NaijaVoices. Barbarci ya shiga tsarin fassara na NLLB na kamfanin Meta a 2022, cikin boko da ajami, ya shiga Google Translate a 2024. To amma wace Hausa? Mafi yawan abin da aka tara daidaitacciyar Hausa ce ta rediyo da jarida. Hausar da ake ji a tashar Bama ko kasuwar Gamboru ta bambanta: masu ita da yawa ba sa rarrabe jinsi, kasancewar Barbarci ba shi da jinsin nahawu, kuma sukan sassauta ɓ da ɗ da ƙ. Na'urar da za ta amsa kiran abokin hulɗa ko ta gane muryarsa, idan Hausar Kano kaɗai ta sani, za ta wahalar da mai gaskiya daga Konduga fiye da ɗan damfarar da ya ƙware a Hausar rediyo.

Manhajar lura da ɗabi'a ma tana da irin wannan makanta. A wurinta, asusun da kuɗi suke shigowa daga mutane da yawa su fita nan take, ko waya ɗaya da ake shiga asusu biyar da ita, alamar ɓarayi ce. A Konduga kuwa wannan yana iya zama uwar adashi, ko magidancin da shi kaɗai ke da babbar waya a gidan, ko mai sayar da raguna ana gobe Salla.

6.0 Kalmar Lamba da Harshen Ɗan Damfara

Hausa ba ta rasa kalmomin cuta ba. Akwai damfara, da zamba, da zamba cikin aminci, da sojan gona ga mai shiga rigar wani, da jabu, wadda ake dangantawa da sunan Ijebu, da bogi, wadda aka aro daga Ingilishi. Har 419 ta shigo, ko da yake sashen da ta samo suna daga gare shi na kundin laifuffukan Kudu ne, Arewa kuwa da Final Kod take aiki. Inda aka yi ƙaranci shi ne ɓangaren kariya. Dubi abubuwan da kalma ɗaya take ɗauke da su a bakin mai hulɗa da banki:

(8) lambar waya, lambar asusu, lambar BVN, lambar NIN, lambar kati, lambar sirri, lambar da aka turo

Bakwai ke nan, kuma hukuncinsu ya sha bamban. Lambar asusu ana bayar da ita ga duk mai son turo kuɗi. Rabawa ma ake yi. Lambar BVN ana ba banki da wasu hukumomi. Lambar sirri da lambar da ake turowa ta saƙo don amfani sau ɗaya ba a ba kowa, ko da ma'aikacin banki ne. A Ingilishi kowace tana da sunanta na daban, ko da gajarce ne, kuma bambancin suna yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe bambancin hukunci. A Hausa duk lamba ce, abin da ke rarrabe su yana cikin kalma ta biyu, wadda ake yawan yar da ita a magana.

Ɗan damfara ya san wannan fiye da masu tsara gargaɗin banki. Yakan kira da ladabi, ya ce Baba ko Hajiya, ya ambaci cikakken sunan mutum don a sakankance da shi, ya ce daga banki yake ko daga ofishin tallafi, za a rufe asusu yau idan ba a gyara ba. Sai ya fara da lambar da babu laifi a faɗe ta, ya gangara a hankali: “To, yanzu wata lamba za ta shigo, karanto mini ita.” Mai sauraro bai ji an tsallaka wata iyaka ba, domin kalmar ba ta sauya ba. Saƙon da ya zo da lambar yana ɗauke da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma da Ingilishi. A irin wannan damfara duk matakan tsaro na na'ura sun cika: wayar ta mai asusu ce, lambar daidai ce. Ta baki aka shiga.

Kalmar sirri kanta tana buƙatar nazari. A al'ada sirri abu ne da ake riƙewa tsakanin aminai, ana ɓoye shi ga bare. Ba abin da mutum yake ɓoye wa ɗansa ko matarsa ko wanda yake taimakonsa ba ne. Hana mai POS na unguwa jin lambar sirri yana iya zama kamar tuhumarsa da sata, abin da kunya ba za ta bari ba. Da an kira ta mabuɗi, wataƙila da hoton ya fi fitowa, domin kowa ya san ba a bar wa baƙo mabuɗin ɗaki, kuma mai gida ba ya jin kunyar riƙe nasa. Lambar amfani sau ɗaya kuma a nema mata suna wanda babu kalmar lamba a cikinsa sam. Wannan aiki ne irin wanda aka yi wa nahawu da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa na 1990 wanda Dalhatu Muhammad ya tace, sai dai a wannan karon ba malaman jami'a ne za su yi hukunci a kan kalmar ba. A rumfar mai POS za a gwada ta, a ga ko ta kama baki.

7.0 Ƙamusun Sunaye da Iyakarsa

Abu na farko da sassan nazarin harsuna za su iya samarwa shi ne ƙamusun siffofin sunaye na Hausa da Barbarci da Shuwa da Fulatanci, wanda zai nuna wane suna ne siffar wane, a wane yanki, da kuma waɗanne ne laƙabin sakayawa da ba sa nuna sunan yanka. Jami'ar Maiduguri tana da masana Barbarci da Hausa a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ƙamusun Barbarci na Cyffer da Hutchison na 1990 ya nuna irin abin da haɗin gwiwa yake iya haifarwa. Sai dai dole a faɗi haɗarin abin. Duk sassaucin da aka yi wa na'ura don ta karɓi Bukar a madadin Abubakar, an yi wa mai sojan gona shi ma, tunda yanzu sunaye huɗu ko biyar ne za su buɗe ƙofa ɗaya. Saboda haka amfanin ƙamusun shi ne ya hana na'ura yanke hukunci ita kaɗai: idan ta ga Bukar da Abubakar, fuska kuma ta yi daidai, ta miƙa wa ma'aikaci mai jin harshen ya duba, maimakon ta rufe asusu ta tura mutum Maiduguri neman takardar rantsuwa daga kotu a kan sunan da bai taɓa sauyawa ba.

Akwai kuma batun yarda. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa zanen yatsa da siffar fuska cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma shardanta cewa inda aka dogara da amincewar mutum, ya kasance ya san abin da ya amince da shi. A aikace, amincewar ita ce danna wani ɗan akwati a ƙarƙashin dogon rubutun Ingilishi, kuma a Konduga sau da yawa yatsan wani ne yake dannawa. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na manyan mutane a Arewa maso Gabas ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi, don haka yawancin waɗanda za a yi wa rajista nan gaba irin waɗannan mutane ne. Fassara wannan rubutu zuwa Barbarci da Shuwa da Hausar da ake ji a Borno, a kuma mayar da shi murya ta daƙiƙa talatin da za a saurara kafin kyamara ta buɗe, zai tilasta wa mai fassara ya fara warware tambayar da fom ɗin Ingilishi ya tsallake: da wace kalma za a gaya wa tsohuwa cewa za a adana fuskarta a wani wuri, har zuwa yaushe, kuma wa zai iya ganinta.